Tukwanen da Ban Gina Ba

Masu bina a wannan shafi, kun cika min waya da tambayar yadda aka ƙare a baje kolin ranar Asabar. To ku gyara zama. Wanda kuma yau ya fara leƙowa, sunana Muhsina, shekarata ashirin da huɗu, gidanmu a Gumel yake, na gama karatu ina jiran aiki, kuma na yi ƙarya. Ƙaryar ce labarin.

Wata bakwai ke nan Malam Abdulbaqi yana zuwa wajena zance. Malamin zane ne a wata makarantar sakandare a nan cikin gari. Dogo ne siriri, ba ya dariya sai da dalili, kuma kullum akwai ɗigon fenti a hannun rigarsa. Ina sonsa, ba zan ɓoye muku ba. Umma ma tana sonsa, sai dai nata son ya fi karkata ga mahaifiyarsa, Hajiya Naja'atu, shugabar ƙungiyar matan ma'aikata. Shekara goma Umma tana cikin ƙungiyar nan tana biyan kuɗin anko, ba ta taɓa wuce layi na uku ba a wajen taro.

Malam yana da ƙanwa, Amatullahi, mai ciwon sikila. Saboda ita suka haɗu da abokansa suke nema wa yara masu irin ciwonta kuɗin magani da na jini. Bana sai ya ce baje kolin kayan yumɓu za su yi, a sayar, kuɗin ya tafi can.

Wata ranar Laraba da la'asar ya zo, na shimfiɗa masa darduma a zaure. Babu wuta tun safe, firji ya zama kabad, don haka na kawo masa ruwa a ɗan tulun da muke ajiyewa a bayan ƙofa. Ya kurɓa, ya sauke kofin, ya ɗauki tulun da hannu biyu. Ya juya shi, ya ɗaga shi sama, ya bi zanen wuyansa da yatsa. Ni da na ɓata awa ɗaya ina ɗaurin ɗankwali ina zaune a gefe kamar buta.

"Wa ya gina wannan?"

Amsar gaskiya ita ce Iya Larai, mahaifiyar Umma. Maginiya ce, a wani ƙauye gaba da Sule Tankarkar, tun kafin a haifi Umma take gini. Amma a gidanmu akwai doka: duk wanda ya tambayi sana'ar Iya, a ce tana 'yan saye-sayenta na cikin gida. Umma ce ta kafa dokar, kuma a daidai lokacin ina jin motsinta a bayan tagar da ke kallon zauren.

Da na ce a kasuwa muka saya, da shi ke nan. Amma wallahi wata bakwai bai taɓa yi min kallon da yake yi wa tulun nan ba.

"Ni ce," na ce.

Ya ɗago ya dube ni, kallon tulun ya dawo kaina gaba ɗaya. Jama'a, na ji daɗi. Na ji daɗi har na tsawon minti biyu, kafin ya ce, "Alhamdulillahi. Guda goma za ki yi mana."

Yana fita na shiga ɗakin Umma. Tana zaune bakin gado tana ninke mayafai kamar ba ita ce ta bar tagar yanzu ba.

"Umma, na kwaɓa."

"Na ji."

"Bari na kira shi na ce na Iya ne."

Ta ajiye mayafin. "Ki ce masa me? Ya je ya faɗa wa Hajiya Naja'atu jikar maginiya zai kawo mata? Ke yarinya ce. In 'yar boko ta taɓa yumɓu, fasaha ake cewa. In tsohuwa ta taɓa a ƙauye, talauci ake cewa. Gobe ki shirya ki tafi wajenta."

Na tafi. Motar haya zuwa Sule Tankarkar, daga nan acaɓa, ya ratsa da ni gonakin da aka girbe har ƙofar gidan. Na tarar da Iya a gindin darbejiya, ta miƙe ƙafafu, ta kifa tsohuwar tukunya a gabanta ta shimfiɗa yumɓu a kai tana bubbugawa.

"Ƙawalli, ke ce da rana tsaka? Ko an kore ki ne?"

"Wa zai kore ni, Iya? Aiki na kawo miki."

Na faɗa mata rabin zancen: yara marasa lafiya, baje koli, guda goma. Na zaro kuɗin da Umma ta ba ni. Ko kallonsu ba ta yi ba.

"Yaran da ake ƙara wa jini? Na san ciwon, ya ɗauke wa maƙwabciyata 'ya'ya biyu. Mayar da kuɗinki jaka."

Sati uku ta yi a kansu, da gwiwoyinta masu ciwo. Ranar da na koma ɗauka, na tarar ta jera su a tsakar gida: tuluna huɗu, tukwane uku, kaskon turaren wuta biyu, asusu ɗaya, sai wata randa da ba na cikin lissafi, wadda ta kai min ƙugu, ja jawur, zane ya zagaye kafaɗarta sau uku. Muna naɗe su da ciyawa a bayan a-kori-kura sai ta ce, "To a can ɗin, za a san ni na yi?"

Na buɗe baki.

"A'a, bari," ta ce. "Uwarki ba za ta so ba."

Na rufe bakin. Wannan wajen ne na fi jin nauyin rubutawa, don haka mu wuce.

A daren jajiberi da wuri Malam ya turo min hoto. Ƙananan katuna ne goma sha ɗaya, ya rubuta da hannunsa mai kyau: Muhsina Ya'u, Gumel. A ƙasa ya ce, "Hajiya ta ga randar. Ta ce ashe kina da hannu." Na tura masa fuskar murmushi, na kifa wayar.

Ranar Asabar na sa atamfa ruwan zuma ɗinkin riga da siket, mayafi ruwan madara, lalle ja da baƙi har gwiwar hannu, farcena a gyare. Umma ta fito da leshinta fari mai duwatsu wanda ba ya fita sai bikin manya, da awarwaro shida da zobba uku. Abba ya dube mu daga kan tabarmarsa ya ce, "Tukwane za ku sayar ko ɗaurin aure za ku?" Muka wuce shi muka fita.

An share zauren taron, an jera tebura an lulluɓe su da farin yadi. Akwai kayan ɗaliban Malam, wasu a karkace amma da ƙoƙari. Akwai kofuna da farantai masu sheƙi da wani abokinsa ya aiko daga Kano. Nawa, wato na Iya, su ne a tsakiya, randar a kan wata 'yar kujera an ɗora ta kamar amarya. A bakin ƙofa Amatullahi ce zaune da rigar sanyi duk da zafin da ake, tana yi wa mutane sannu da zuwa. Ta kamo hannuna ta juya shi.

"Anti Muhsina, da wannan hannun kika yi? Yaya ya ce kayanki kaɗai za su iya riƙe mu wata uku."

"Allah Ya sa," na ce. Ita ce magana ɗaya ta gaskiya da na yi a ranar kafin azahar.

Mutane sun zo fiye da zato. Ma'aikata, malamai, matan ƙungiya cikin turare, 'yan kasuwa daga Maigatari da Gagarawa. Aka sa wa Umma kujera a layin farko, kusa da Hajiya Naja'atu. Na ga yadda ta zauna a hankali, kamar kujerar za ta iya canja ra'ayi.

Tambayoyi kuwa na sha su. "Ina kike samo yumɓun?" Na ce wajen Sule Tankarkar. "Kwana nawa randa take ɗauka?" Na ce ya danganta. Duk abin da aka tambaye ni ya danganta. Tuluna biyu suka tafi, kaskon turare suka tafi, na fara tunanin zan fita lafiya.

Sai ga wata Hajiya 'yar Damagaram, babbar mace da lafaya shuɗiya, mai fataucin atamfa ta kan iyakar Maigatari. Ta zagaye randar sau biyu, ta ƙwanƙwasa ta da zobenta ta saurari ƙarar.

"Wannan aikin tsofaffi ne," ta ce. "Ina mai shi?"

Malam ya nuna ni da alfahari.

Ta dube ni, ta dubi farcena. "Madam, jikana ma yana da ciwon nan. Zan sayi randar ninki uku, in ƙara da kado, wato kyauta, a kai saboda yaran. Amma ina so in ga hannun nan a cikin yumɓu, ko ɗan kasko ne. Rabona da ganin ana gini tun kakata na da rai."

"Ai kuwa akwai yumɓu," in ji Malam. Dama ya kwaɓa a baho don ɗalibansa su nuna wa baƙi. Kafin in ce ya danganta, an shimfiɗa tabarma a tsakiyar zaure, an ajiye baho da kwanon ruwa, mai lasifika ya sanar. Mutane suka zagaye, wayoyi suka tashi sama.

Na zauna. Na yi bismillah, don ko mai ƙarya yana buƙata. Na yanko yumɓu na mulmula shi, har nan lafiya, kowa ya iya mulmula tuwo. Na danna babban yatsa a tsakiya kamar yadda na sha ganin Iya tana yi. Gefe ya tsage. Na shafa ruwa, ya zama kunu. Na ƙara yumɓu, ya zama wani abu mai kama da takalmi. Farce ɗaya ya karye ya tsaya a ciki.

Zauren ya yi tsit, har fankar sama ana ji. Wata daga baya ta ce, "Wataƙila kunya take ji." Allah Ya saka mata da alheri, ko wace ce. Ban ɗaga kai ba, amma ina ganin takalman Malam a gabana, ba sa motsi. Ina kuma ganin ƙafar Hajiyar Damagaram ta fara juyawa wajen ƙofa, da kuɗin magani na wata uku a jakarta.

Sai na ji ƙarar awarwaro a kaina.

"Tashi."

Umma ce. Ta zare awarwaron ɗaya bayan ɗaya, ta cire zobban, ta zuba min a cinya. Ta naɗe hannun leshi, ta zauna daɓas a tabarma ta miƙe ƙafafu, zaman Iya sak. Ta ɗebo yumɓun ta murza tsakanin yatsu, ta shinshina.

"Wa ya kwaɓa wannan?"

"Ni ne, Umma," in ji Malam.

"Ya yi ruwa, kuma ba a sa masa komai da zai riƙe shi ba. A samo min toka ko ƙaiƙayi."

Aka ruga wajen mai shayi na bakin titi aka kawo toka. Ta barbaɗa, ta cuɗa, ta buga shi a tabarma sau uku. Daga nan ban san me ya faru ba, duk da a gabana aka yi. Hannu ɗaya a ciki, ɗaya a waje, abin yana juyawa yana tashi. Ta murza yumɓu kamar igiya ta ɗora, ta shafe, ta sake ɗorawa. Ciki ya fito, kafaɗa ta fito. Ta yagi gefen hankicinta ta jiƙa, ta kama bakin da shi ta zagaya sau ɗaya, sai ga wuyan tulu. Ba ta kalli kowa ba. Laka ta ɓata leshin har gwiwa, ko a jikinta. Shekarata ashirin da huɗu a ɗakin matar nan, ban taɓa ganin fuskarta a sake haka ba.

Ta ajiye ɗan tulun, ta goge hannu a cinyarta, sannan ta ɗago.

"Kayan da ke kan teburin can uwata ce ta gina su. Sunanta Larai, tana nan da ranta a ƙauyenmu, gaba da Sule Tankarkar. A gindinta na koya, da kuɗin tukwanenta na yi makaranta. Yarinyar nan ko asusu ba ta iya ba. Ni na hana a faɗi sunan."

Da na yi shiru, da laifin ya tsaya a kanta. Na miƙe da awarwaro a hannu da laka har gwiwar hannu, na dubi Malam.

"Ba ita ta ce in ce ni ce ba. Ni na faɗa da bakina."

Ya zaro biro daga aljihu, ya nufi teburin, ya ɗauki katin farko ya juya bayansa ya rubuta Larai, Sule Tankarkar. Ya ɗauki na biyu. Haka ya bi su duka, har na kayan da aka riga aka saya, mutane suna kallonsa, shi kuma bai kalle ni ko sau ɗaya ba.

Hajiyar Damagaram ta yi dariya har lafayarta na zamewa. "Ai na ce aikin tsofaffi ne!" Ta sayi randar yadda ta yi alkawari, ta ce ɗanyen tulun ma nata ne, a gasa a aika mata. Kafin la'asar babu abin da ya rage a teburin. Amatullahi ta zo ta tsuguna gaban Umma ta yi mata godiya, ni kuma ta ba ni hankicinta.

Hajiya Naja'atu fa, za ku tambaya. Ta ce "Ikon Allah" sau biyu, ta nemi jakarta, direba ya kai ta gida. Har yau malaman fassara na ƙungiya ba su daidaita a kan ma'anar ba.

Muka hau a-daidaita-sahu ni da Umma. Muna shiga gida Abba ya ɗago daga wayarsa, ashe hoton bidiyon ya riga mu isowa. Ya dubi leshin, ya dubi Umma.

"Ummulkhairi, shekara ashirin da shida ina sayen kaskon turare a kasuwa."

Ta wuce shi ta shiga ɗaki. Ta kashe wayarta kwana biyu. Da ta kunna, saƙo tamanin ne a guruf ɗin ƙungiya. Wasu sun turo addu'a, wasu sun turo fuskar mamaki, mata shida suna tambayar nawa ne randa. Ta karanta duka, ta fita daga guruf ɗin, bayan awa ɗaya ta ce in mayar da ita. Da yammacin ranar na ji ta a waya da Iya sun fi awa, ƙofa a rufe. Da ta fito idanunta sun yi ja, ta ce hayaƙin murhu ne. Da gas muke girki.

Ni kuwa na tura wa Malam saƙo mai tsawon zani. Na goge, na tura gajere: "Malam, ka yi haƙuri. Ba ni da hujja." Ya karanta nan take. Bayan awa uku ya amsa: "Na gani."

Lahadi shiru. Litinin shiru. Talata na ga ya sa hoton randar a shafinsu da sunan Iya da godiya ga duk wanda ya zo. Laraba, ranar zancenmu, na yi wanka na yi kwalliya na zauna har aka kira magariba, sannan na je na wanke fuskata.

Alhamis da la'asar aka yi sallama. Na leƙa, shi ne a kan babur ɗinsa, ƙafafun wandonsa sun yi ja da ƙasa, an ɗaure wani buhu a baya da igiyar roba. Na shimfiɗa darduma, na kawo ruwa a kofin gilashi. Muka gaisa kamar a ofis.

"Daga wajen Iya nake," ya ce.

"Wa ya nuna maka gidan?"

"Na tsaya a kasuwa na ce gidan Larai maginiya. Mutum huɗu suka nuna min hanya a lokaci ɗaya." Ya kurɓi ruwa. "Na kai mata hotuna da wasiƙar Amatullahi. Na karanta mata sau biyu. Ta sa na nuna mata katin da sunanta, ta ce in bar mata shi."

Na sunkuyar da kai.

"Muhsina, ba sana'ar ce ta dame ni ba, kin sani. Na tsaya gaban mutane na ambaci ciwon ƙanwata na roƙe su, da katin ƙarya a kan teburi, da rubutun hannuna. Wannan ne na kasa haɗiyewa."

"Na sani, Malam."

"Na faɗa wa Iya haka. Na ce ban san yadda zan yi da ke ba."

"Me ta ce?"

"Ta ce in na fasa, ita tana nan, ba ta da miji." Ko murmushi bai yi ba. "Sannan ta ce tunda kin ce ke maginiya ce a gaban jama'a, hanya mafi sauƙi ita ce maganar ta zama gaskiya. Ta haƙo wannan yumɓun da kanta." Ya nuna buhun. "Tulu ɗaya, da hannunki, babu mai taɓa miki. A zuba ruwa da safe, a same shi da yamma."

"In ya zube fa?"

"Ban tambaye ta ba."

Ya miƙe ya kwance buhun ya jingine shi a bangon zaure. Har ya hau babur sai ya juyo.

"Na faɗa wa Hajiyarmu. Ta ce a ba ki sati uku. Ita za ta zo ta zuba ruwan da hannunta."

Ya tayar da babur ya tafi. Na tsaya ni da buhun muna kallon juna. Na gwada ɗaga shi, ko motsi bai yi ba.

Tagar da ke kallon zaure ta buɗe.

"Ja shi za ki yi, ba ɗauka ba," in ji Umma. "Ki kai bayan ɗakin girki ki yayyafa masa ruwa. Ni ba zan taɓa miki ba, baki kawai zan sa."

Ta zuro hannu ta tagar, na miƙa nawa ina zaton awarwaro za ta ba ni in ajiye mata. Abin yankan farce ne.

"Duka goman," ta ce, ta rufe tagar.